Yadda Ƙwaya Ta Shigo Ƙasar Ƙonni da Adar

Duk wanda ya san Birnin Ƙonni ya san gari ne na mararraba, gama babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta nufi Maraɗi da Damagaram ta tsakiyarsa ta ratsa, wadda kuma ta gangaro daga Agadas da Tawa ta biyo ta Badagishiri ta zo ta haɗe da ita a Tsarnawa, sa'an nan daga kudu ga hanyar Sakkwato, wadda tsawonta bai cika kilomita ɗari ba, ta shigo ta Illelar Amarawa, inda iyakar ƙasa ta raba mutanen da harshensu ɗaya, addininsu ɗaya, aurensu kuma a cuɗe yake tun kaka da kakanni. Gari mai irin wannan matsayi, duk abin da ya taso daga nesa, alheri ne ko sharri, sai ya ya da zango a cikinsa, kuma ba ya tashi sai ya bar wani abu nasa a ƙauyukan Malbaza da Dogarawa da Galmi, har can Illelar Adar, mazaunin Sarkin Adar. A cikin abubuwan da suka ya da zango suka ƙi tashi, babu wanda ya hana iyaye da malamai da likitoci barci a wannan zamani kamar ƙwaya. Abin da na fahimta bayan bin sawunta shi ne, ta ƙofar magani da ta ƙofar aiki ta shigo mana, alhali kuwa masu tsaron gari ƙofar shagali suke gadi, shi ya sa ta daɗe a cikin gida kafin a farga.

Bukatar ɗan Adam ga abin da zai kore masa barci, ko ya danne masa yunwa, ko ya ɗauke masa damuwa na ɗan lokaci, daɗaɗɗiya ce, kakanninmu ma ba su kuɓuta daga gare ta ba. Goro shi ne mafi daraja a cikin abin da suka sani. Fatake ke ɗauko shi daga ƙasar Gwanja, daga kasuwar Salga, su shafe watanni a hanya da jakuna, suna kwance huhu suna yayyafa masa ruwa suna fid da wanda ya lalace, har ya iso ƙasar Hausa da tsadar da ta mai da shi abincin sarakuna da attajirai, talaka kuwa sai ranar ɗaurin aure ko zanen suna yake samun ɓari. Malamai ba su ga laifinsa ba, tun da ba ya taɓa hankali, hasali ma da shi almajiri ke raya dare a kan karatu.

Taba ita ce ta fara ta da ƙura a tsakanin ma'abota ilimi. Ganye ne na nahiyar Amurka, ya iso ƙasashen Sudan wajen shekarar 1600, kuma bai daɗe da isowa ba aka shiga jayayya a kan hukuncinsa: Shehu Ahmad Baba na Tambutu, sa'ad da yake ƙasar Maroko, ya rubuta fatawa a 1607 yana halatta shi matuƙar bai gusar da hankali ba, sa'an nan a ƙarshen wannan ƙarni Shehu Muhammad al-Wali na Bagarmi ya wallafa risala yana kafa hujjojin haramcinsa. Jama'a dai suka karɓe ta, kowane da irin shansa: dattijo ya cusa ta a lofe ya zuƙa, wani ya daka garinta da kanwa ya danna a ƙasan leɓe, wani ya shaƙa ta hanci, mata kuma su goge haƙora da furenta don kwalliya. Giya kuwa ta Azna ce, irin mutanen Masallata da ke kusa da Ƙonni, waɗanda har gobe ake zuwa sauraron arwarsu. Da dawa ake yin ta, mata su tsiro da ita su dafa su bar ta ta tashi, kuma da yake ba ta jure ajiya, nan da nan take tsami, ba a iya ɗaukarta zuwa nesa, ba a kuma iya ɓoye ta, warinta ma ya isa shaida. Da jihadi ya zo, wanda jagoransa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Maratta kusa da Galmi aka haife shi a 1754, kuma Ƙonni tana cikin garuruwan farko da yaƙin ya taɓa a 1804, sai hukuncin da kowane ɗalibin Risala ya sani, wato bulala tamanin ga mashayi, ya tura giya bayan gari. Akwai kuma zaƙami, wanda ke tsirowa a juji, wanda ake jefa 'ya'yansa a fura ko a kunu, mai shansa ya kwana yana ganin abin da babu yana kamun iska. Amma shi kowa ya ɗauke shi guba ne, uwaye na gargaɗin yara a kansa.

Abin lura a nan shi ne, kowanne daga cikin waɗannan yana da shingensa kamar yadda garka ke da nata: goro tsada ta tsare shi, taba shekaru suka tsare ta, gama yaro ba ya shan ta gaban manya, giya wuri da lokaci da shari'a suka tsare ta, zaƙami kuwa tsoro. Fuƙaha'u ma ba su bar mas'alar a dunƙule ba. Imam al-Ƙarafi, babban malamin Malikiyya na Masar wanda ya rasu a 1285, ya rarrabe abin da ke taɓa hankali gida uku a cikin littafinsa al-Furuƙ: muskir, wanda ke gusar da hankali tare da nishaɗi da jin ƙarfi, kamar giya, mufsid, wanda ke rikita hankali ba tare da wannan nishaɗin ba, a nan ya sa hashish, wato wiwi, da murƙid, wanda ke ɗauke ji da gani ya kwantar da mutum. Na farko shi ke da haddi, kaɗan ɗinsa da mai yawansa duk haram ne; sauran biyun ladabtarwar alƙali ce a kansu, kuma ana iya amfani da ɗan abin da bai kai ga taɓa hankali ba idan larura ta magani ta kama. Likitocin yau rabonsu bai yi nisa da wannan ba, sai dai su jiki suke duba: akwai masu zaburarwa, irin amfetamin da hodar ibilis; akwai masu kwantarwa, irin giya da diyazefam; akwai dangin afyun masu kashe raɗaɗi, irin morfin da kodin da tramol; akwai kuma masu rikita gani da ji, irin zaƙami. Sun ƙara da wata ƙa'ida wadda ya kamata kowane uba ya sani, cewa gwargwadon saurin isar abu ƙwaƙwalwa, gwargwadon saurin kama mai shansa: wanda aka haɗiye sai ya bi ta ciki kafin ya hau, wanda aka zuƙa ko aka shaƙa cikin daƙiƙoƙi yake isa, wanda aka yi allurarsa a jijiya kuwa shi ma nan take yake isa, ya kuma fi duka haɗari, ga kuma ciwon hanta da ƙanjamau da ke bin allurar da aka yi tarayya a kanta.

A daidai shekarun da ake jihadi a nan, wajen 1804 zuwa 1805, wani matashin mai haɗa magunguna a Jamus, Friedrich Sertürner, ya tace morfin daga afyun, wato ƙaron wani fure da ake nomawa a Asiya. A 1832 aka fid da kodin a Faransa, a 1853 aka ƙera sirinjin allura, a 1898 kuma kamfanin Bayer ya fito da hiroyin kasuwa a matsayin maganin tari. Duk waɗannan a ɗakin magani aka haife su, da niyyar sauƙaƙa wa majinyaci, kuma har yau babu abin da ya kai morfin amfani ga wanda aka yi wa tiyata ko mai ciwon daji. Shekara guda bayan fitowar hiroyin, a watan Mayun 1899, rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ta auka wa Birnin Ƙonni ta yi kisan da har yau ba a manta ba, daga bisani Faransa da Ingila suka ja layi tsakanin Ƙonni da Sakkwato. Wannan layi ya haifar da kuɗi iri biyu, da doka iri biyu, da farashi iri biyu a tsakanin kasuwannin da jaki ke haɗawa a wuni guda, kuma duk inda aka sami haka, fasa-ƙwauri ya sami gindin zama. Turawa sun zo kuma da likita. Asibitin Galmi, wanda 'yan mishan suka buɗe a 1950, da sauran ɗakunan shan magani na gwamnati, sun nuna wa talaka abin da bai taɓa gani ba: ƙwaya 'yar mitsitsiya ta sauke zazzaɓin da ya kwantar da ƙato, allura guda ta busar da gyambon da ya gagari boka. Mutane suka ba ƙwaya amana, kuma amanar a wurinta take. Sai dai ita ce jarin da mugayen 'yan kasuwa suka zo suka ci daga baya.

Tabar wiwi ta riga ƙwaya yin suna. Galibin masu tarihi suna danganta yaɗuwarta a Afirka ta Yamma da sojojin da suka komo daga Indiya da Bama bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da kuma ma'aikatan jiragen ruwa. Daga nan aka shiga nomanta a dazuzzukan kudancin Nijeriya, tana hawowa arewa a cikin manyan motoci. Gwamnatin soja ta Nijeriya ta kafa mata doka mai tsanani a 1966, har da hukuncin kisa ga mai noma ta, amma ba ta daina tsiro ba. Duk da haka wiwi ba ta taɓa samun shiga gidan mutunci ba, domin hayaƙinta na tona asiri, an kuma san ta da 'yan tasha da 'yan daba. Wadda ta shiga gona ita ce amfetamin. A shekarun 1960 da 1970 likitocin Arewacin Nijeriya sun riƙa ba da labarin manoma da lebura da direbobi da ɗalibai masu haɗiyar ƙwayoyin hana barci da gajiya, musamman da damina sa'ad da noma ya taso rumbu kuwa ya yi ƙasa. Abin da ya shiga kasuwar Sakkwato kuma ba ya daɗewa bai ƙetaro Ƙonni ba. Da hukuma ta toshe wannan, sai wasu suka maye gurbinta, masu kafeyin da masu efedirin, ana canza suna da launi, bukatar kuwa tana nan inda take.

Ita bukatar ce ya kamata a tsaya a kanta, domin a nan asirin yake. Farin 1973 zuwa 1974 ya karya tattalin Adar, na 1984 ya zo ya ƙarasa, wanda mutanen Nijar suka laƙaba wa sunan El-Buhari saboda ya haɗu da rufe iyakar da gwamnatin Buhari ta Nijeriya ta yi a wannan shekara. Tun daga nan ci-rani, wanda dama al'adar Adarawa ce, ya zama farilla a kan kowane saurayi: wasu Abijan, wasu Ikko da Kano, wasu Kamaru, daga baya Libiya, daga 2014 kuma ramukan zinariya na Jado da Cibarakatan. Waɗanda suka zauna gida aikinsu bai fi sauƙi ba. Noman rani ya bunƙasa a kwarin Maggiya da fadamun Ƙonni da ke shan ruwan madatsun Mozage da Zango, albasar Galmi ta yi suna har bakin teku, masana'antar siminti ta Malbaza da aka kafa a shekarun 1960 tana jan manyan motoci, ga kabu-kabu da jigilar man fetur a jarka ta hanyoyin daji da dare. Duk ayyuka ne da ake biyan mutum gwargwadon abin da jikinsa ya iya ɗauka a wuni, buhu nawa ya loda, sawu nawa ya yi, fangali nawa ya shayar. Sa'an nan a watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, faran ɗaya na Faransa da ake canzawa dala goma ya koma dala ashirin, maganin farmasi, wanda kusan duka daga waje ake kawo shi, ya fi ƙarfin talaka, a daidai lokacin da aka fara cewa majinyaci ya biya kuɗin jinyarsa a likitar gwamnati. Sai magani ya fito titi, a kan tire da teburi da bayan keke, mai sayarwa bai yi karatunsa ba, mai saye bai ga likita ba.

Cikin wannan hali tramol ya same mu. Kamfanin Grünenthal na Jamus ne ya haɗa tramadol, wato tramol, a 1962, ya fito da shi kasuwa a 1977, maganin raɗaɗi ne na gaskiya, wanda likita ke bayarwa miligiram 50 ko 100 a sha guda, ba a kuma wuce 400 a wuni. Yana da wata siffa da ta bambanta shi da 'yan'uwansa dangin afyun: bayan kashe ciwo, yana kuma taɓa sinadaran ƙwaƙwalwa masu ta da nishaɗi da kuzari, saboda haka maimakon ya kwantar da mai shansa, da farko sai ya ji gajiya ta tafi, yunwa ta lafa, zafin rana ya daina damunsa. Tun da yake kuma ba ya cikin jerin magungunan da yarjejeniyoyin duniya na 1961 da 1971 suka sa wa takunkumi, sai masana'antu a Indiya suka shiga buga shi da ƙarfin da babu likitan da ke rubutawa, 120 da 200 da 225 har 250, ana sauke shi kwantena-kwantena a tashoshin ruwa na Kwatano da Lome da Ikko, ya hawo arewa, wani ya tsaya a nan, wani ya wuce Agadas zuwa Libiya.

A je tashar mota da asuba, lokacin kwashe albasa, a tsaya kusa da mai shayi. Ga saurayi nan ya fito daga masallaci, gammonsa a hannu, gabansa akwai tirela da za a cika da buhunan da kowanne ya haura kilo ɗari. Ya durƙusa gaban mai tire ya ce, "Maigida, a ba ni na gajiya." Shi kuwa ba ya tambayar me ke damunsa, sai dai ya ce, "Kore ko ja?" Ya sa almakashi ya yanko biyu daga jikin kati, babu kwali babu takarda, ya karɓi 'yan silalla. Saurayin ya ɓare ɗaya ya zazzage garin a cikin baƙin kofi, ya kaɗa, ya shanye a tsaye, ya yi hamdala ya nufi aiki. Babu wanda ya kalle shi sau biyu, shi ma a ransa bai sha abin maye ba, magani ya sha, kuma da yamma zai kai wa mahaifiyarsa kuɗin cefane ta sa masa albarka. A ganina wannan ita ce musibar da ta fi kowace girma a cikin al'amarin, cewa yaran da ƙwaya ta fi ci ba su ne malalata ba, sau da yawa su ne masu zuciyar nema. Bayan 'yan watanni biyun nan ba sa isarsa, sai huɗu, sai shida. Ranar da bai samu ba gaɓoɓinsa su yi ta ciwo, hamma da hawaye da majina su taso, gumi ya karyo, barci ya ƙaura. Ranar da ya zarce kuma sai ya yanke jiki ya faɗi yana shure-shure kamar mai farfaɗiya, wani a kan babur, wani a bakin rijiya, a ce iska ce ta buge shi.

Sauran kayan sun biyo ta hanyar da tramol ya share. Maganin tari mai kodin, wanda ake tsiyayawa a kwalbar lemo, shi ya ratsa har cikin ɗakunan mata, domin ba shi da wari kuma ba a zargin mai tari. Diyazefam, da wadda ake kira roci, da eksol, ana haɗa su da tramol ko a sha su don a sami barcin da tramol ya kora. Sholisho, wato gam ɗin facin taya, na yara ne marasa galihu, a zuba a tsumma a shaƙa. Allurar fentazosin kuwa ta fi kama waɗanda suka fara ta a kan ciwo na gaskiya, kamar masu amosanin jini. Ƙididdigar da Nijeriya ta yi a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta nuna mutum miliyan 14.3 sun yi amfani da wani abin maye a cikin shekara guda, ban da giya da taba, miliyan 10.6 wiwi, miliyan 4.6 ƙwayoyin dangin afyun, miliyan 2.4 maganin tari, kuma ɗaya cikin kowane huɗu mace ce. Wannan lissafin maƙwabta ne, amma maƙwabtan da kasuwarmu da tasu ɗaya ce.

Hukumomi sun yi nasu. Nijeriya ta kafa hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA a 1989. Nijar ta fito da dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi mai lamba 99-42 ranar 23 ga Satumban 1999, tana da ofishin OCRTIS mai farautar masu safara, a 2013 kuma ta sa tramadol cikin magungunan da aka tsananta wa tsaro. A watan Satumban 2017 an kama fiye da ƙwaya miliyan uku a Nijar a cikin mota guda da ta fito daga Nijeriya. A 2018 Indiya ta ƙuntata fitar da tramadol, Nijeriya kuma ta hana maganin tari mai kodin bayan wani binciken BBC. Farashi ya tashi, wannan gaskiya ne. Amma ba a jima ba sai ga wasu ƙwayoyin masu kama da shi, an haɗa tapentadol da karisofrodol, haɗin da ya fi na farko haɗari ga numfashi, wanda Indiya ba ta hana ba sai a 2025. An rufe iyaka daga 2019 zuwa ƙarshen 2020, an sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, shinkafa da man fetur suka yi tsada, ƙwaya kuwa, da yake dubunta na shiga aljihun riga, ba ta rasa hanya ba.

Saura batun jinya, wanda shi ne aka bari a baya. Abin da iyaye suka fara sani shi ne malam: rubutun sha, da ruƙiyya, da nasiha, idan abin ya gagara kuma sai gidan mari, inda ake sa wa yaro sasari a ƙafa a tsare shi wata da watanni. Ba na zargin uban da ya kai ɗansa can, gama wanda ɗansa ya sayar da akuyar uwarsa ya ɗaga mata hannu, ba shi da wata ƙofar da ya sani. Amma abin da 'yan sanda suka tarar a 2019, sa'ad da suka fito da mutum fiye da ɗari uku daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, sa'an nan wasu a Daura da Katsina, na tabon bulala da yunwa da cin zarafi, ya isa ya nuna cewa mari yana raba mutum da ƙwaya ne muddin yana ƙafarsa, ba ya cire ta daga ƙwaƙwalwa. Kamu da ƙwaya cuta ce da ke canza yadda ƙwaƙwalwa ke aiki, tana lafawa tana tasowa, kuma komawar mai jinya bayan ya daina ba hujja ba ce ta cewa ya lalace har abada.

Jinyar likita hawa-hawa ce. Da farko a raba jiki da abin, ta hanyar rage shi sannu a hankali tare da magance ciwon gaɓoɓi da zawo da rashin barci, wanda tsananinsa kan wuce cikin mako guda ko biyu. A nan wajibi ne a sani cewa mai shan diyazefam ko giya da yawa, idan aka yanke masa farat ɗaya, yana iya faɗuwa da jijjiga har ya rasa ransa, don haka ɗaure shi a ɗaki kasada ce da rai. Ga waɗanda dangin afyun suka yi wa mugun kamu akwai metadon da bufrenofin, waɗanda ake ba su da awo a ƙarƙashin idon likita don su danne ƙishirwar abin mutum ya koma sana'arsa; cibiyar CEPIAD da aka buɗe a asibitin Fann na Dakar a Disamban 2014 ita ce ta fara wannan a Afirka ta Yamma. Akwai kuma naloksan, allurar da ke farfaɗo da numfashin wanda ya zarce. Sai hawa na ƙarshe, wanda ya fi tsawo da wuya: zama da mai jinya ana tattaunawa, a gano abin da ke tura shi, a sauya masa abokan fada, a sasanta shi da iyalinsa, a duba ko akwai ciwon damuwa a ƙarƙashi. A nan malami ke da gurbin da likita ba zai cike ba, domin mutumin da ya yanke ƙauna daga rahamar Allah da ta danginsa ba ya riƙe magani. Kuma an taɓa gwada irin wannan haɗin guiwa, sa'ad da Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara a Aro ta Abekuta a 1954 yana saukar da masu taɓin hankali a gidajen ƙauye tare da wani nasu, suna zuwa asibiti da rana, yana kuma aiki da masu maganin gargajiya.

Matsalar mutumin Dogarawa ko Tajaye ita ce nisa. Sashen masu taɓin hankali na babban asibitin Yamai, wanda aka fi sani da Pavillon E, yana bayan tafiyar fiye da kilomita 400 daga Ƙonni. Asibitin jiha na Tawa ya haura 100. Mafi kusa a cikin asibitocin ƙwaƙwalwa na musamman shi ne na Kware, a kan hanyar Illela zuwa Sakkwato, wanda ke wata ƙasa, da wani kuɗi, a bayan iyakar da ake rufewa ana buɗewa. Ga kuma kunya, domin iyali da yawa sun gwammace a ce ɗansu aljanu gare shi da a ce an kai shi gidan mahaukata. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da tsarin horar da malaman jinya na ƙananan asibitoci su gane irin waɗannan cututtuka su fara magance su a inda mutane suke, kuma ina ganin wannan ita ce hanyar da ta dace da ƙasa irin tamu, inda likitocin ƙwaƙwalwa 'yan ƙalilan ne kuma galibinsu suna babban birni. Da sharaɗin kada tsanantawa ta kai ga hana mai karaya ko mai amosanin jini maganin raɗaɗin da yake haƙƙinsa ne. Akwai kuma abu guda da ya wajaba a faɗa wa duk iyalin da ɗansu ya komo daga jinya, ko daga kurkuku, ko daga gidan mari: jikin da ya yi makonni bai sha ba ya sauka daga juriyar da ya saba, ta yadda adadin da yake haɗiya a da ya tafi aiki, yanzu yana iya tsayar masa da numfashi. Makonnin farko na dawowa gida su ne mafi haɗari, musamman idan suka dace da lokacin kwashe albasa ko na huɗa, sa'ad da aikin da ya kai shi ga mai tire tun farko yake jiransa a bakin ƙofa.